Sauko da fayiloli daga saba: rezo na yankewa, forfe na ƙarewa

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ke kula da shafin wani ɗan kasuwa a nan Maradi. Sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, tana Faransa, manhajar Ubuntu ce a kanta. Alhaji yana son kwafin komai a kwamfutar shago: hotunan kaya da takardun masu saye, har da lambobin wayarsu, wajen giga 6. Da FTP, wata hanyar tura fayiloli ta intanet, nake jawowa, sai an yi nisa rezo ya yanke, in koma farko. Wani kuma ya ce FTP ba ta da tsaro. Ina mafita?

Baban Rezo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ya gaya maka. FTP a fili take aika kalmar sirri, wanda kuke wifi ɗaya, in gwani ne, sai ya karanta ta. Irin wannan satar ce ta sa Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH, hanyar shiga saba da ke ɓoye abin da ake aikawa, a 1995. Canza kalmar sirrin yau, sannan ka kwafo da umarnin scp, wanda ke bi ta cikin SSH (sa sunan asusunka da adireshin sabarka a gurbin suna@adireshi):

scp -r suna@adireshi:/var/www/shago .

In lambar ƙofar (port) da SSH ke shiga sabarka ba 22 ba ce, sa -P babba kafin lambar. Ƙaramar -p aikinta daban.

Ƴar Ali Ɗan Sofo:
Yaya, a gafarce ni, scp ta ba shi tsaro amma ba ta tsare masa forfe ba. In ta yanke, daga farko take sakewa. Ga rezon da muke fama da shi, ni rsync, wata manhajar kwafar fayiloli, nake amfani da ita:

rsync -avP suna@adireshi:/var/www/shago/ shago/

Ta cikin SSH take bi ita ma. A rsync, -P ɗin nan ke ajiye fayil ɗin da ya tsaya rabi. In rezo ya yanke, ya dawo, maimaita umarnin, ta ɗora daga inda aka tsaya. Wata mai zuwa kuma abin da ya canza kawai za ta sauko da shi. Sharaɗi: a girka ta a sabar da kwamfutar duka.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri, Yaya da Anti. Sai dai Windows ce a shagon.

Ƴar Ali Ɗan Sofo:
To, rsync ba ta zuwa da Windows. Sauko da WinSCP, kyauta ce, ka zaɓi SFTP, wato tura fayil ta cikin SSH, tana ci gaba bayan yankewa. Shigar farko za ta nuna maka zanen yatsan sabar, wato jerin haruffa da lambobin da ke shaida sabar ce, gwada shi da na sabar kafin ka amince. Kuma kwamfutar shagon nan, yaran Alhaji na kallon bidiyo a kanta? In haka ne, buɗe wa fayilolin wani asusu daban mai kalmar sirri.