Sunan Daudu yana da matsala ne a yanzu?

Salam jama'a, don Allah a taimaka min, kaina ya ƙulle. Matata ta haihu namiji nan Aboabo a Kumasi, suna ran Asabar, rago ma an saya. Baba ya ce lallai sunan mahaifinsa za a sa, Daudu, wai duk jikokinsa ba wanda aka yi wa tsohon takwara.

Ni dai ban ga komai ba sai da na faɗa a gurup ɗin dangi na WhatsApp, ƴan uwan matata na Kano suka hau dariya, wai can ana jin sunan sai tunanin ƴan daudu ya zo, mazan nan masu kwaikwayon mata, wasu ma har luwaɗi suke dangantawa da su, kuma wai in yaron ya girma ya haihu ɗansa kai tsaye ya zama ɗan Daudu kenan. Tun lokacin matata ta ƙi sam.

Na roƙi Baba a sa Dauda, sunan Annabi ne kuma kusan ɗaya, ya ce a'a, Daudu kirarin Galadima ne, sunan manya. Malaminmu ya ce sunan ba laifi, amma bai shiga maganar tsokana ba. Na ce to mu riƙa kiransa Abba, ita kuma ta ce takardar haihuwa da Ghana Card fa, ai sunan yanka ake rubutawa.

Ku da ke Kano, Katsina ko Zariya, yau in an ji yaro sunansa Daudu kawai, tunanin nan ne ke fara zuwa wa mutane?