Falon da nake gani a fim ɗin Turkiyya, zai yiwu a ɗaki mai ƙafa 12 da 14?

Amaryar Bayan Sallah:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema kar a min dariya. Bikina saura wata uku in sha Allahu, Baba ya ce in faɗi irin kayan ɗakin da nake so tun yanzu a ba kafinta don kar a zo ana gudu-gudu a ƙurarren lokaci. To ni matsalata tunda na fara kallon finafinan Turkiyya ɗin nan masu dogon zango da ake fassarawa, wallahi labarin ma ba ya gabana, ana can ana kuka ana sakin aure ni ina kallon labule. Akwai wani falo da ya tsaya min a rai, kujeru farare tas masu ƙafa ruwan gwal, labule tun daga sama har yana jan ƙasa, kafet ruwan toka, ga wata fitila mai lilo a tsakiya, bangon kuma kore mai duhu kamar ganyen mangwaro. Na ɗauki hoton talabijin ɗin har wayata ta cika. Na nuna wa Umma ta ce ke wannan ai gidan sarki ne, na nuna wa angon ya ce duk yadda nake so, wanda kun san wannan ba amsa ba ce.

Gidan haya ne a Kano, falon ƙafa 12 da 14, taga ɗaya ce kuma tana kallon layin da ba kwalta. Waɗanda suka taɓa kwaikwayon ɗakin fim, ya kuka ƙare? Me zan ɗauka me zan bari?

Maman 'Yan Biyu:

Wa alaikumussalam amarya, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Ni dai magana ɗaya zan miki, ki rufa wa kanki asiri ki bar farar kujera. Ni na yi, irin wannan zazzaɓin ne ya kama ni lokacin nawa bikin, Yayata ta yi ta min magana na ce ita ce ba ta waye ba. Ranar buɗar kai ma ba a kai ba wata yarinya ta zauna da kofin zoɓo, kin san zoɓo ba ya neman izini. Daga nan sai hunturu ya shigo, tun daga Nuwamba har Fabrairu ki share da safe kafin la'asar ki rubuta sunanki a kan tebur da yatsa, kuma ke kin ce layinku ba kwalta, kowane ɗan adaidaita ya wuce sai ya aiko miki da rabonki. Su can a fim waye yake cin tuwo da miyar kuka a falo? Waye yake zuwa barka da goyo? Mu falonmu nan ake cin abinci nan ake sallah nan baƙi suke kwana in an yi haihuwa.

Yanzu kujeruna na lulluɓe su da zanin gado kamar masu jinya, kyan da na kashe kuɗi a kai ni kaina ba na gani. In farin kike so ki sa shi a ƙananan filo na kan kujera, waɗanda za ki cire rigar ki wanke ki mayar. Kujerar kanta ki yi ruwan toka ko ruwan ƙasa.

Mai Riƙe Fitila:

Ƙanwata bari in faɗa miki abin da ba a gani a allo, don na yi shekaru ina bin masu ɗaukar fim a ɓangaren haske. Abin da ya burge ki a hoton nan rabinsa ba kujera ba ce, wuta ce. Kafin a ɗauki fitowa ɗaya sai an kafa fitila aƙalla uku, babba a gefen fuska, wata mai laushi da ke cike inuwa, sai ta baya da ke raba mutum da bango, ban da ƙananan da ake ɓoyewa bayan kujera da bayan labule don bango ya yi ta sheƙi. Bayan an gama kuma mai tacewa ya zauna a kwamfuta ya ƙara wa kala armashi. Wannan koren da kike gani, in kika je ɗakin da rana tsaka ba lallai ki gane shi ba.

Na biyu girman ɗaki. In a situdiyo aka gina falon, galibi bango uku ne, na huɗun nan kyamara da ma'aikata suke tsaye, sama kuma ba rufi sai ƙarafan da aka rataye fitilu. In kuma gidan gaske ne, to su Turkawa da yawa suna ɗauka a manyan gidajen nan na bakin ruwan Bosforus a Santambul, rufinsu can sama, tagogi kamar ƙofar gareji. Ga gilashin kyamara mai buɗe waje wanda ko shago ne sai ya mai da shi fili. Mu nan Kano ma haka ne, yawanci gidan mutane ake ara ko a kama haya, mu zo mu ture kujerun can mu jawo wannan nan, in an tashi a mayar musu. Akwai ranar da muka ɗauki falon wani attajiri na cikin labari, duk tarkacen masu gidan, har keken ɗinki da buhun shinkafa, suna jibge a bayan mai kyamara.

To abin da za ki iya ɗauka kuma ba tsada shi ne hasken. Ki daina dogara da farin ƙwai ɗaya a tsakiyar silin, shi ke mai da falo kamar ɗakin allura. In za ki sayi ƙwan fitila ki duba jikin kwalin, wanda aka rubuta 6500K shi ne farin nan ƙal, ki nemi 2700K ko 3000K mai ɗan ruwan ɗorawa. Ki sa fitilar tsaye ɗaya a lungu, ƙarama ɗaya a kan teburin gefe, kuma tunda wutar NEPA sai a hankali ki nemi masu caji ko waɗanda ƙaramar sola za ta ɗauka. Koren bangon kuma kar ki shafe ɗakin duka da taga ɗaya, zai koma kogo. Bango ɗaya tak, wanda doguwar kujera za ta jingina, sauran ukun ruwan madara. Kuma ki tambayi mai gidan tukuna, wasu in ka taɓa musu fenti sai an kai ga mai unguwa.

Kafintan Layinmu:

Hajiya Allah ya sa a yi da mu. Kullum sai an kawo min hoto a waya a ce wannan nake so sak, kuma za mu iya, hannu ba ya gagara, amma a auna ɗaki tukuna. Saitin da muka saba yi na zaman mutum bakwai ne, mai uku da mai biyu da ɗaiɗai guda biyu. Irin na Turkiyya mai faɗin hannu da tudun baya, doguwar kaɗai tana cin ƙafa 7 zuwa 8, in kika zuba cikakken saiti a 12 da 14 ga senta tebur ga abin ɗora talabijin, sai dai a riƙa wucewa a karkace. Ki yi mai uku ɗaya da ɗaiɗai biyu, ƙafafunsu sirara a ɗage daga ƙasa yadda tsintsiya za ta shiga, ɗakin zai sha iska.

Su kayan Turkiyya na asali yawanci daga wani gari ne Inegol a yankin Bursa, garin kafintoci ne kacokan, kafet ɗin inji kuma Gaziantep. In kin ji kuɗin na waje da canjin dala na yanzu sai kin nemi wajen zama. Abin da zan ce ki sa wa ido a namu na gida: ki tambayi wane katako za a yi ƙashin kujerar da shi, busasshe ne ko ɗanye, don ɗanye yana bushewa zai fara ƙara yana buɗe baki. A sa masa maganin gara, kar a kawo miki gara biyu, ta buhuna da ta cin katako. Soso a sa mai nauyi ba wanda wata shida zai lotsa ba. Allon MDF kuma, wato na garin katako da aka matse, yana da kyau a ido amma ba ya shiri da ruwa, in ana goge tayil kullum ƙasansa kumbura yake. Ruwan gwal ɗin ƙafa fenti ne ake fesawa, yana dusashewa, ki sani tun yanzu kar a zo ana cewa kafinta ya ci amana.

Labule ba aikina ba ne amma ki kafa ƙarfen kusa da silin ba a kan taga ba, ki shiga Kantin Kwari ki yanki yadi ninki biyu na faɗin wajen don ya yi tattara. Kar ya ja ƙasa irin na fim, ya tsaya daidai saman tayil, in ba haka ba shi zai riƙa miki shara.

Goggon Yara:

'Yata ni kallon nan naku dariya yake ba ni. Mu lokacinmu ba mu da Turkiyya, jere muka sani, a cika kabet da langa da samira da tasoshi har sama, gado mai rumfa, 'yan jere su kwana suna gogewa, washegari mata su shigo ganin ɗaki ana ƙirgawa da ido. Shi ma gasa ce irin taku, kuma rabin kwanukan har na aurar da 'yata ta fari ban ci abinci a ciki ba. Amma abin da nake so in tambaye ki, duk cikin hotunan nan talatin ko ɗari da kika tara ba ki ga na gida ko ɗaya ba? Tunda Arewa24 ta fara a 2014 ake nuna shirye-shirye da ake ƙawata wajen zaman da kayanmu, tim-tim na fata, faifai masu kala a jere a bango, zanen dagi, ni wallahi sun fi min kyau kuma ƙura ba ta tona musu asiri. Ki shiga kasuwar Kurmi ki ga aikin dukawa, ko ki je Gidan Makama ki kalli bango da rufin ɗaurin guga ki ga ko magabata ba su san ado ba. Tim-tim biyu sun maye miki kujerun da kafinta ya ce ki rage, in baƙi sun yi yawa a jawo, in sun tafi a tura lungu.

Kuma ki bar wajen shimfiɗa darduma, na shiga ɗakin amare da yawa sai an ɗaga tebur kafin a yi sallah.

Uwar Ɗakin Kanta:

Ni fa ban yarda a kashe mata gwiwa gaba ɗaya ba, aure sau nawa ake yi? Ina da kujeru ruwan madara shekara uku kenan suna nan garau, sirrin kawai yadin ne, na sa an min da leda mai laushi wadda tsumma mai danshi ke gogewa. Illarta ɗaya, watan Afrilu in zafin Kano ya kai 40 kuma ba wuta, kina tashi za ki ji kamar an ɗaye filasta daga bayanki. Sannan ni ba yara tukuna, to Maman 'Yan Biyu kar ki ce na ƙaryata ki.

Amaryar Bayan Sallah:

Kai jama'a na gode Allah ya bar zumunci, na karanta wa Umma duka tana ta dariya wai Goggo ta rama mata. Jiya na je gidan da tef na auna da ƙanina, ashe ma 14 ɗin har da wajen da ƙofa ke buɗewa, to cikakken saiti ya fita a lissafi. Na tsaya a kan mai uku ɗaya ruwan toka da ɗaiɗai biyu, filo farare, bango ɗaya kore in mai gida ya yarda, angon ya ce zai masa magana ranar Juma'a. Tim-tim ɗin ma zan leƙa Kurmi in gani duk da ban san ko zai shiga da ƙafa ruwan gwal ba, don ita kam ban haƙura da ita ba ko za ta dusashe. Yaya Mai Riƙe Fitila saura fitilar nan mai lilo, silin ɗin gidan ba shi da tsayi kuma akwai fanka a tsakiya, in cire fankar ne ko akwai wata dabara?