Hoton matar fada: nata ne ko na masu ita?

Hajiya Rabi: Jama'a, ina nan kan bakana. Hotunan matan sarauta da aka zana a Turai shekara ɗari huɗu zuwa ɗari biyar da suka wuce baje haja ne kawai. Ku dubi Anne ta Cleves. A 1539 Sarkin Ingila Henry na takwas ya tura mai zanensa Holbein ya zano masa ita, ya ga ko ta yi masa. An ɗaura aure a Janairun 1540, zuwa Yuli an raba. Wa ya tambayi baiwar Allah nan ra'ayinta?

Malam Sani: Hajiya, a kan Anne kin yi gaskiya, amma kada ki yi musu kuɗin goro. Isabella d'Este ta Mantua a Italiya tana kusan shekara 60 ta sa mai zane Titian ya zana ta kamar budurwa, ya kwaikwayo fuskar daga wani tsohon hotonta. Ita ta nema, ita ta zaɓi yadda za a gan ta.

Zainab: Malam, ai wannan ya ƙara wa maganar Hajiya ƙarfi. Matar da ta riƙe Mantua lokacin da Venis ta kama mijinta a 1509, sai ta koma yarinya kafin a kalle ta da daraja? Abin yana min ciwo wallahi.

Bashir: Ƙanwata, to Sarauniyar Ingila Elizabeth ta farko fa? Hoton da aka yi mata bayan rundunar ruwan Sifen ta sha kashi a 1588: tafin hannunta a kan ƙwallon taswirar duniya, kambi a gefe, jirage ta taga a bayanta, lu'ulu'u har ƙugu. Ba miji ake nema mata ba, har ta rasu ba ta yi aure ba. Mulki take shelantawa.

Zainab: Yaya, jiya na daɗe ina ƙura wa hoton Eleonora ta Toledo ido, wanda Bronzino ya zana wajen 1545. Rigar ta cinye hoton: farin siliki, baƙin ado, 'ya'yan rumman na zinariya, kowane zare ka gan shi. Fuskar kuwa shiru, ba ka karanta komai a cikinta. Hannunta na kan kafaɗar ɗanta. Saƙon gidan mijinta ne, gidan Medici masu mulkin birnin Florence: muna da dukiya, mun sami magada.

Malam Sani: Kuma Eleonora ɗin nan ita take riƙe Florence idan mijinta Cosimo ba ya gari.

Hajiya Rabi: Na ji, Malam. Elizabeth ma na sallama, gadon sarautar nata ne. Amma Christina ta Denmark tana shekara 16, cikin baƙin kayan takaba, aka zaunar da ita awa uku a Brussels a 1538 don Holbein ya kai wa Henry ya duba. Wannan ku ba ni amsarsa tukuna.