Wa ya dace ya naɗi waƙoƙin Alhaji Umaru Karaci?

Malamin boko daga Asawase:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ra'ayina shi ne duk wanda ya iya karatun Hausa a zangunanmu na Kumasi, namiji ko mace, ya ɗauki wayarsa ya naɗi muryarsa yana karanta waƙa ɗaya daga cikin waƙoƙin Alhaji Umaru, malamin nan na garin Karaci (Kete-Krachi) a nan Gana, mu tara su wuri guda kowa ya saurara kyauta. Haka shafin intanet na LibriVox yake yi tun da Hugh McGuire ya kafa shi a Kanada a 2005: 'yan sa-kai ne ke karanta tsofaffin littattafai, kuma ba a jarraba muryar kowa kafin a karɓe shi. Dokar Gana ta 2005 tana kare haƙƙin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa, shi kuwa Alhaji Umaru ya rasu a 1934, saboda haka babu abin da ya hana mu.

Malamin makarantar allo daga Aboabo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, niyyarka mai kyau ce, amma ban yarda da "duk wanda ya iya karatu" ba. Waƙar malamai an gina ta ne a kan ma'aunin aruli na Larabawa, inda kowace gaɓa take da nauyinta, doguwa ko gajera, kuma idan mai karatu ya ja wasalin da ya kamata ya gajarta, baitin ya karye ko da ma'anar ba ta ɓace ba. Rubutun boko da yaranmu suka saba da shi ba ya nuna tsawon wasali, ajami kuwa yana nunawa. Alhaji Umaru a Kano aka haife shi, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato kafin ya zo garin Salaga a arewacin Gana, kuma da Hausar can ya auna baitocinsa. Mu a nan zango da yawanmu ba ma bambanta ƙ da k, ko ɗ da d. Kuskuren da almajiri ya yi a gaban malami nan take ake gyara shi, amma wanda aka naɗa aka watsa, yara za su haddace shi suna zaton daidai ne.

Malamin boko daga Asawase:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi maganar ma'auni. Abin da ban karɓa ba shi ne a mayar da harshenmu dalilin hana mu. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 mutumin nan ya koma Karaci, ya zauna a can yana limanci da koyarwa har ƙarshen rayuwarsa, kuma almajiransa sun bazu cikin zangunan ƙasar nan. Idan jikokin waɗanda ya koyar ba su isa su karanta Waƙar Talauci da Wadata da bakinsu ba, to wa ya isa? LibriVox ma yana da masu sauraron kowane naɗi domin gyara kafin a fitar da shi, kuma ina roƙon Malam ya zama mai yi mana wannan aikin.

Hajiya daga Sawaba:
Malam, da kai da ɗana duk kuna magana a kan karantawa, alhali waɗannan waƙoƙi rera su ake yi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta hannun jajoji, wato malamai mata masu zagaya ƙauyuka, ta isar da waƙoƙinta ga 'yan taru, matan ƙauyuka, kuma da kunne suka karɓa suka haddace. A makarantunmu na mata har yanzu akwai tsofaffi masu riƙe da karin waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi kamar yadda suka ji daga iyayensu, kuma babu takardar da ta rubuta wannan karin. Ni ina ganin kafin saurayi ya naɗi kansa, ya je ya durƙusa gaban kakarsa ya nemi izininta ya naɗe ta, domin takarda za ta jira shi, tsohuwa kuwa ba ta da alkawari da gobe.

Ɗalibi daga Tafo, mai karatu a Jami'ar Gana da ke Legon:
Iyayena, ku yi mini izini in ƙara abu biyu. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana tana ajiye da rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara daga hannun malamai tun shekarun 1960, kuma ayyukan Alhaji Umaru suna cikinsu. Waƙar da aka kwafa da hannu takan zo da saɓani tsakanin kwafi da kwafi, don haka ya kamata mai naɗi ya faɗi a farko wane kwafi ya bi. Sannan kada mu ɗauka kowace tsohuwar waƙa ta fita daga haƙƙin mai ita. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, a 1990 ya rasu, kuma ba za mu watsa aikinsa ba sai da yardar masu haƙƙi.

Malamin makarantar allo daga Aboabo:
Hajiya, maganarki ta fi tamu ƙarfi, kuma idan da tsofaffi za a fara, zan ba da zaurena bayan sallar La'asar a riƙa naɗi a ciki. Game da samari kuwa ina nan a kan bakana. Duk wanda zai rera waƙar Alhaji Umaru ya zo da kwafin ajami, mu bi shi baiti baiti har ya zauna a bakinsa, sannan ya kunna waya.

Malamin boko daga Asawase:
Malam, idan sai wanda ya iya ajami, mun rufe ƙofa ga mafi yawan matasan da na yi wannan kira dominsu. Ina neman a yarda su zo da kwafin boko, Malam ya sa musu alamar dogayen wasula a kai da alƙalaminsa.