Ciki ga mace mai cutar maitokondiriya ta gado

Mai tambaya: Salamu alaikum likitoci. Macen da aka tabbatar tana ɗauke da sauyin ƙwayar gado mai suna m.3243A>G a cikin maitokondiriya (sassan ƙwayoyin jiki masu samar da ƙarfi), ga raunin ji, yanzu cikinta wata 2. Me za a sa wa ido? Jaririn zai gada?

Likitar mata: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Masu wannan sauyin sun fi fuskantar ciwon sukari na goyon ciki, hawan jini mai kai wa ga jijjiga, da haihuwar bakwaini. A auna sukarinta yanzu, a sake aunawa bayan ta sha gulukos giram 75 tsakanin mako 24 da 28. In ya hau, insulin ya fi, domin ƙwayar maganin sukari ta metformin kan tara laktet (wani sinadari mai tsami) a jini. A yi mata hoton zuciya tun da wuri, cutar kan kaurara tsokar zuciya shiru ba alama.

Ungozoma: Ranar naƙuda kada a bar ta da yunwa ko ƙishi, jikinta ba shi da rarar ƙarfi. A ɗaura ruwa mai gulukos, ana auna sukari. Idan dole sai an ba ta magnesium sulfate (maganin hana jijjiga), a riƙa ƙirga numfashinta, ana ƙwanƙwasa gwiwa a ga ko tana motsawa, calcium gluconate mai karya ƙarfinsa na kusa, don magnesium yakan yi wa masu wannan sauyin yawa ko a ƙa'idar da aka saba. Gentamicin (maganin ƙwayoyin cuta) kuwa a kauce masa saboda yana iya lalata ji.

Likitan gado: Ta wajen uwa kaɗai ake gadon wannan sauyin, uba ba ya bayarwa. Sai dai kowane ƙwan uwa da nasa kason na maitokondiriya mai sauyin, shi ya sa wani ɗan zai tashi garau, ƙaninsa ya sha fama. A gwada 'yan'uwanta mata kafin su ɗauki ciki.