Wace kalma za mu ba "grassroots" a labarin tagwayen benayen New York?

Assalamu alaikum, malamai da abokan aiki. Ina kan wani rubutu ne game da abin da ya biyo bayan harin 11 ga Satumban 2001 a birnin New York na Amurka, sai wata kalma ta tare mini hanya, na ga gara in kawo ta gabanku da in yanke hukunci ni kaɗai. Kalmar ita ce grassroots ta Turanci, wato abin da ya taso daga jama'a ba daga shugabanni ba, wadda ake siffanta mutanen da suka dage a kan sai an mayar da tagwayen benayen nan yadda suke.

Bari in fara shimfiɗa labarin, don a san inda kalmar za ta zauna. Benayen biyu na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, waɗanda Minoru Yamasaki ya zana aka buɗe su a 1973, kowannensu hawa 110 ne; na arewa tsawonsa mita 417, na kudu mita 415. Da suka rushe, sai ya zamana wuƙa da nama suna hannun manya: hukumar tashoshin jiragen ruwa ta New York da New Jersey mai filin, da attajiri Larry Silverstein wanda ya karɓi hayar wurin ta shekara 99 makonni kaɗan kafin harin, da gwamnan jihar New York na lokacin, George Pataki, da hukumar da aka kafa don farfaɗo da kudancin Manhattan. A Fabrairun 2003 aka zaɓi tsarin sake gina filin na mai zanen gine-gine Daniel Libeskind, wanda babu tagwaye a cikinsa. Daga gefe kuwa akwai waɗansu mutane da ba su riƙe da muƙamin komai, suka haɗu a ƙungiyoyi irin su Team Twin Towers da Twin Towers Alliance, suna tattara sa hannun jama'a, suna rubuta wa jaridu wasiƙu, suna cewa barin sararin samaniyar birnin babu tagwayen tamkar sallama wa maharan ne. Su nake nema wa suna.

Da farko na rubuta "fafutuka daga tushe", tunda haka muke ji a bakin 'yan siyasa. Sai na karanta jimlar ga wani magini da ke ɗora bulo a maƙwabtanmu: "An yi fafutukar sake gina benayen daga tushe." Ya ajiye cokalinsa a kan kwanon siminti, ya dube ni ya ce ai dole ne, ginin da ya ruguje haka wa zai ɗora a kan tsohon fandisho? Nan take na gane cewa a labarin gini, "tushe" na ginin ne, ba na jama'a ba.

Amsar wani tsohon mai fassarar labarai a rediyo:

Wa alaikumus salam. Ɗana, maginin nan ya yi maka karatu kyauta, sai ka gode masa. A zamaninmu da mun ce "yunƙurin talakawa" mun wuce, kuma da hujjarmu, domin asalin talaka a ƙasar Hausa shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, ko da kuwa fatake ɗari suna yi masa safara. Da wannan ma'anar Malam Aminu Kano ya ɗauki kalmar ya kafa siyasarsa a kanta. Sai dai ni kaina na san kunnen yau ya sauya, idan ka ce talaka, marar abin hannu ake ji. Waɗanda kake magana a kansu kuwa akwai injiniya Kenneth Gardner da mai zanen gine-gine Herbert Belton, waɗanda suka fito da cikakken zanen sababbin tagwaye, kuma wanda ya kira irin waɗannan talakawa a rediyo sai masu sauraro su ɗauka ya ruɗe.

Tun da bakina ya buɗe, bari in taɓa skyscraper, sunan da Turawa ke kiran irin waɗannan dogayen gine-gine, don na san ita ma tana jiranka a gaba. Faransawa sun ce mai kankare sama, Larabawa sun ce mai tunkuyin gajimare, mu ma muna iya ƙera "tokare-sama" a kan tsarin "hana-salla" da "dafa-duka". Tana da daɗin kirari, amma a labarin da mutum 2,753 suka rasa rayukansu ban ga wurin kirari ba. "Dogon bene" ta wadatar, waɗannan biyun kuma "tagwayen benaye". Kada ka ce hasumiya, domin mai karatu Gobarau ta Katsina zai hango, ba wurin da dubban ma'aikata ke zaune a ofisoshi ba.

Amsata:

Allah ya ƙara girma, Baba, na karɓi "dogon bene" hannu bibbiyu. A kan babbar kalmar kuwa, wani ya turo mini "aikin gayya", wani kuma "taimakon kai da kai". Duka biyun ba su shiga ba, saboda a gayya mutane su ne ke kama fartanya da hannunsu, alhali waɗannan ba su da ikon aza ko bulo ɗaya a filin. Abin da suke da shi murya ce, suna matsa wa masu iko lamba. "'Yan sa-kai" ta fi kusa, tunda ba a biyan su, amma duk wanda ke bin labaran Zamfara da Katsina ya san abin da wannan suna ya koma nufi, ba zan kai mai karatu can ba.

Amsar wata malamar Hausa a makarantar sakandare:

Malam, a ganina kuna neman fassarar hoton da ke cikin kalmar ne, wato saiwar ciyawa, alhali abin da ake bukata shi ne aikin da kalmar ke yi. Aikinta ɗaya ne, ta raba tsakanin masu kujera da waɗanda ba su da ita, kuma Hausa tana da wannan rabon tun tuni. Muna cewa hukuma ta ce kaza, amma mutanen gari sun ce kaza. A cikin mutanen gari akwai mai kuɗi da marar shi, akwai likita da mai faci, abin da ya haɗa su kawai shi ne ba su ne ke sa hannu a takarda ba. Don haka ni "fafutukar mutanen gari" zan ce.

Ka gwada ta da taron da aka yi a zauren taro na Javits da ke New York a Yulin 2002. Mutum fiye da 4,000 aka zaunar a kewaye da tebura, ƙungiya-ƙungiya, da 'yan na'urorin jefa ƙuri'a a hannunsu, aka nuna musu zane shida na yadda za a gina filin. Suka nuna ba su gamsu ba, har dole aka janye zanen aka sake neman wasu. Ba duka ne ke son a mayar da tagwayen ba, domin da yawa daga iyalan mamatan sun fi son a bar gurbin benayen babu gini, tunda nan ne 'yan uwansu suka cika. Amma ka ga da masu son a mayar da masu son a bari, duk mutanen gari ne, kalmar ta ɗauke su ba tare da ta goyi bayan kowa ba. Na zaɓi "fafutuka" a kan "gangami" kuwa saboda gangami na yini ɗaya ne a watse, wannan kuwa an shekara da shekaru ana yi. "Kamfe" kuma a bar wa masu neman ƙuri'a.

Amsata:

Ranki ya daɗe, Malama, kin warware mini. Abu ɗaya ya so ya dame ni, shi ne a Mayun 2005 Donald Trump, wanda a lokacin attajirin gine-gine ne, ya kira 'yan jarida ya nuna musu samfurin zanen Gardner da Belton, ya ce shi ya kamata a gina. Na tambayi kaina ko shigowar mai kuɗi irinsa ta fitar da abin daga hannun mutanen gari, amma da ma'aunin da kika kawo sai na ga ba ta fitar ba, tunda shi ma ba shi da ta cewa a kan filin.

Da yammacin nan na koma wurin maginin, na tarar yana wanke kayan aikinsa, na karanta masa sabuwar jimlar: "Mutanen gari sun yi shekaru suna fafutukar a mayar da tagwayen benayen." Bai tambayi ma'anar ko kalma ɗaya ba, sai cewa ya yi, to an mayar musu? Na ce a'a, babban dogon benen da aka gina a madadinsu ɗaya ne, mai suna One World Trade Center, aka buɗe shi a Nuwamban 2014, tsawonsa har ƙarshen tsininsa mita 541, amma an daidaita rufinsa a mita 417, daidai da tsohon benen arewa. Gurbin tagwayen kuma aka mayar da shi manyan tafkuna biyu masu kwararar ruwa, da sunayen mamatan a rubuce a gefensu. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko nawa ne zurfin fandishon bene mai hawa 110.