Me za mu kira "chop chop" da Hausa? Ni dai maza-maza nake gani

Jama'a ku zo mu ƙarasa maganar nan ta jiya kan yadda za a fassara chop chop da Hausa, don har yanzu wasu na ɗauka chop chop ɗin Bature shi ne chop ɗin burokan ɗinmu na Najeriya, wato ci ko cin kuɗin jama'a. Wallahi ba su haɗa hanya ba. In Bature ya tafa hannu ya ce maka chop chop nufinsa yi sauri.

Asalinta daga Sin take, garin Kanton wanda yau ake kira Guangzhou. Daga 1757 zuwa 1842 nan kaɗai aka yarda Turawan Ingila da ire-irensu su yi ciniki, shayi da siliki suke lodi a jiragen ruwa, to su ba sa jin Sinanci, 'yan dako da dillalai ba sa jin Turanci, sai aka samu wani burokan na kasuwa a tsakani, cikinsa kalmar ta fito kuma a shekarun 1830 har ta shiga rubutu. Masana da yawa na ganin wata kalmar yaren Kanton ce mai nufin gaggawa da ake faɗa sau biyu, bakin matuƙan jirgi ya lanƙwasa ta.

To wannan maimaicin ne ya sa na tsaya kan maza-maza. Wani ya kawo shawarar a ce "nan da nan", amma ai nan da nan labari ake bayarwa da ita, ka ce nan da nan ya iso, ba a cika aiken yaro da ita ba. Kafin ƙiftawar ido ma haka, ga tsawo. Yanzu-yanzu ta kusa, sai dai lokaci take nunawa, ba ta tunzura mutum.

Abin da ya fi damuna shi ne ladabin kalmar. Chop chop daga sama take saukowa, maigida ga yaron shago, uwa ga ɗa, kuma Turawan da kansu da yawa suna jin raini a cikinta in babba ya faɗa wa babba. Maza-maza ma haka take, Inna za ta ce maza-maza ka kai wa Baba ruwa, amma wa ya isa ya ce wa mahaifinsa maza-maza? Sai dai ka ce Baba a daure a ɗan hanzarta.

Saboda haka masu fassara don Allah, in ogan ne ke magana ku sa maza-maza, kar ku tausasa ta ku ce a hanzarta, kun cire mata isar da ta zo da ita tun daga Kanton.